Indiya da Pakistan: yaya ake harbin juna kuma ofisoshin jakadanci na buɗe?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, a watan Mayun 2025 mun ga Indiya da Pakistan suna jefa wa juna makamai masu linzami har kwana huɗu, amma daga baya na ji a rediyo wai har yanzu kowacce tana da ofishin jakadanci a babban birnin ɗayar. Yaya za a yi ƙasashe su gwabza amma ba su yanke hulɗa ba? Kuma me ya hana su kai rigimar Kashmir Kotun Duniya kamar yadda Najeriya da Kamaru suka yi a kan Bakassi, kowa ya huta? Ko dai faɗan addini ne da ba shi da magani?" Daga wani ɗalibi a Gusau.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayoyi uku ka dunƙule wuri guda: me ya sa ba a rufe ofisoshin jakadanci ba, me ya hana zuwa kotu, sannan mene ne asalin ciwon. Zan bi su duka, amma ba a jeren da ka kawo su ba. Kuma tun yanzu in gaya maka inda na sa gaba: cikin duk abin da ya faru a 2025, dakatar da yarjejeniyar raba ruwan koguna tsakaninsu da Indiya ta yi ya fi tayar mini da hankali a kan makaman da aka harba. Sai an ga yadda ƙasashen biyu suka saba zama da juna kafin a gane dalilina.

Gadon da Turawa suka bari

A watan Agustan 1947 Birtaniya ta tattara nata ya nata, ta raba yankin gida biyu, Indiya da Pakistan, ta tafi. Wanda aka ɗora wa aikin shata iyaka a Punjab da Bengal wani lauya ne, Cyril Radcliffe, wanda bai taɓa taka ƙasar Indiya ba kafin lokacin, kuma makonni biyar kacal ya samu. Ba a bayyana layin ba sai ranar 17 ga Agusta, bayan an riga an sha bikin 'yancin kai. Mutane wajen miliyan 15 suka bar gidajensu, Musulmi suka nufi Pakistan, mabiya Hindu da Sikh suka nufi Indiya. Waɗanda aka kashe a hanya, mafi ƙarancin ƙiyasi ya kai dubu 200, wasu kuma na cewa sun haura miliyan 1.

Bayan lardunan da Turawa ke mulka kai-tsaye, akwai masarautu sama da 560 da suke mulka ta hannun sarakuna, irin tsarin da muka sani a Arewa. Aka ce kowane sarki ya zaɓi ƙasar da zai bi. Yawancinsu ba a kai ruwa rana ba. Amma dubi waɗannan biyun. Sarkin Junagadh Musulmi ne, talakawansa galibi Hindu, ya zaɓi Pakistan. Indiya ta ce ra'ayin talakawa ne abin bi, ta karɓe masarautar, ta shirya ƙuri'ar raba gardama a 1948. Sarkin Kashmir kuwa, Hari Singh, Hindu ne, talakawansa galibi Musulmi. Ya yi ta jan ƙafa yana son ya tsaya da ƙafarsa, har mayaƙan ƙabilu daga Pakistan suka kutso a watan Oktoban 1947. Ya nemi agajin Delhi, ya sa hannu a takardar shiga Indiya ranar 26 ga Oktoba, washegari jirage suka sauke sojojin Indiya a Srinagar. A nan sai Indiya ta ce sa hannun sarki ne hujja, Pakistan ta ce a'a, ra'ayin talakawa ne. Wato kowacce ta ɗauki hujjar da ta yi watsi da ita a Junagadh.

Indiya ce da kanta ta kai ƙara Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Janairun 1948, abin da 'yan siyasarta da yawa ke cizon yatsa a kai har yau. Ƙuduri mai lamba 47 na Kwamitin Sulhu ya tsara matakai uku: Pakistan ta janye mayaƙanta, Indiya ta rage sojojinta, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. Ba a taɓa gama matakin farko ba, balle a je na uku. Aka tsagaita wuta ranar 1 ga Janairun 1949, kowa ya riƙe inda sojansa ya tsaya. Da 'yan gyare-gyare, a nan ake har gobe, duk da yaƙin 1965 da na 1971 da na Kargil a 1999.

Me ya hana a yi irin ta Bakassi

Kotun Duniya da ke Hague ba ta sauraron ƙara sai ƙasashen biyu sun amince da hurumin ta. Najeriya da Kamaru duk sun riga sun amince, shi ya sa da Kamaru ta shigar da ƙara a 1994 aka saurara, aka yanke hukunci a watan Oktoban 2002, Obasanjo da Paul Biya suka sa hannu a yarjejeniyar Greentree a 2006, aka miƙa yankin gaba ɗaya a watan Agustan 2008. Indiya ma ta amince da hurumin kotun, amma da togaciya: ban da duk wata rigima tsakaninta da ƙasar da ke cikin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, ko wadda ta taɓa zama a ciki, kuma ban da rigimar iyaka. Kowa ya san don wa aka rubuta wannan. Pakistan ta gwada a 1999, bayan Indiya ta harbo wani jirgin sintirin sojan ruwanta, mutum 16 suka mutu. A watan Yunin 2000 kotun ta ce ba ta da hurumi.

Akwai kuma yarjejeniyar Simla ta ranar 2 ga Yulin 1972, wadda Firaministar Indiya Indira Gandhi da Shugaban Pakistan Zulfikar Ali Bhutto suka sa wa hannu bayan Pakistan ta rasa ɓangarenta na gabas, wanda ya zama Bangladesh, kuma fursunoninta na yaƙi kimanin dubu 93 suna hannun Indiya. A ciki aka ce za su riƙa warware saɓaninsu tsakaninsu su biyu. Indiya na fassara wannan da cewa an rufe ƙofa ga kowane mai shiga tsakani, har da Majalisar Ɗinkin Duniya. Pakistan na cewa Simla ba ta soke ƙudurorin Kwamitin Sulhu ba. Lissafin a fili yake: wanda ya fi ƙarfi, kuma mafi yawan abin da ake rigima a kai na hannunsa, ba ya son alƙali. Mai rauni shi ke neman shaidu. Shi ya sa da Donald Trump ya riga kowa sanar da tsagaita wuta ranar 10 ga Mayun 2025, Islamabad ta yi ta godiya har da ba da sunansa don kyautar zaman lafiya ta Nobel, Delhi kuwa ta dage cewa sojojin ƙasashen biyu ne suka yi waya tsakaninsu, babu ruwan kowa.

Ba wai ba su taɓa yarda da alƙali ba. A 1968 wani kwamitin sasantawa na duniya ya raba musu yankin Rann na Kutch, ya ba Pakistan kusan kashi 10 cikin 100 na abin da take nema, kuma duka suka karɓa. Amma Kutch fadamar gishiri ce da ba kowa a cikinta sosai. Kashmir kuwa, ɓangaren Indiya kaɗai ya haura mutum miliyan 12 a ƙidayar 2011, kuma ta cikinsa manyan kogunan da Pakistan ke sha suke gangarowa. Na san har yau akwai 'yan Najeriya da ke jin zafin Bakassi, amma rasa shi bai taɓa dalilin kafa Najeriya ba. Kashmir ya taɓa na su biyun. An kafa Pakistan ne a kan cewa Musulmin yankin al'umma ce daban da ta cancanci ƙasarta, don haka barin yanki mai rinjayen Musulmi a hannun Indiya tamkar aiki ne da ba a kammala ba. Indiya kuma an kafa ta a kan cewa ƙasa ɗaya za ta iya ɗaukar kowane addini, kuma Kashmir ce shaidarta.

Wannan ya kawo mu ga batun addini, kuma ba zan daɗe a kai ba. Addini na ciki, musamman a bakin 'yan siyasa lokacin zaɓe. Amma ƙidayar 2011 ta nuna Musulmin Indiya sun kai miliyan 172, kaɗan ne ƙasashen duniya da suka fi ta yawan Musulmi. Yaƙi mafi muni da Pakistan ta yi, na 1971, ya faro ne tsakanin Musulmin yamma da Musulmin Bengal. A 2019 Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi ta gayyaci ministar harkokin wajen Indiya, Sushma Swaraj, a matsayin babbar baƙuwa a taronta na Abu Dhabi, ministan Pakistan ya ƙaurace. Wanda ya ɗauki rigimar a matsayin Musulmi da Hindu kawai, rabin labarin zai wuce shi.

Tsani ne, ba ƙofa ba

Yanzu ga tambayarka ta farko. Mutane na ɗaukar hulɗar jakadanci kamar ƙofa, ko a buɗe ko a rufe. A shekarun da na yi ina aikin jakadanci, abin da na gani tsani ne mai matakai da yawa, kuma kowane mataki saƙo ne. Na ƙasa shi ne takardar ƙorafi da ake aikawa ofishin jakadanci. Sama da shi, a kira jakada ma'aikatar harkokin waje. Nan ma akwai hawa-hawa. Wa zai karɓe shi, minista ko babban sakatare ko wani darakta? An kira shi da rana ne ko da tsakar dare? An bar shi zaune a ɗakin jira, ko an shigar da shi nan take? An kawo shayi? Jami'in da ya kira shi zai karanta masa takarda kalma bayan kalma ba tare da ya ɗago kai ba, ya miƙa masa kwafi. Jakadan zai ce ya ji, zai isar wa gwamnatinsa, amma bai yarda da zargin ba. Wani ƙaramin ma'aikaci na gefe yana rubuta komai. Sau da yawa ba a wuce minti goma, amma kafin jakadan ya isa mota an riga an ba 'yan jarida labari, don rabin saƙon na mutanen gida ne.

Daga nan sai a kira jakadanka gida "don tuntuɓa", sai korar wani jami'i a ba shi awa 24 ko mako guda ya fice, sai rage yawan ma'aikata, sai korar jakadan kansa a bar ofishin a hannun mai riƙo. Rufe ofishi gaba ɗaya shi ne can ƙololuwa. Ƙa'idar da ba a rubuta ba ita ce ramuwa daidai wa daida: ka kori nawa ɗaya, in kori naka ɗaya mai irin muƙaminsa.

Indiya da Pakistan sun haddace tsanin nan. Sun hau ƙololuwarsa a yaƙin 1971, ba su mayar da jakadu ba sai 1976. Tun daga nan suna hawa suna sauka ba tare da sun kai can ba. Indiya ta janye jakadanta bayan harin da aka kai majalisar dokokinta a watan Disamban 2001. A watan Agustan 2019, da gwamnatin Narendra Modi ta soke sashe na 370 na tsarin mulki wanda ya ba Kashmir ƙwarya-ƙwaryar 'yancin cin gashin kai, Pakistan ta sallami jakadan Indiya, Ajay Bisaria, ta dakatar da ciniki. Tun lokacin babu cikakken jakada a kowane ɓangare. A 2020 aka rage ma'aikata da rabi. Bayan 'yan bindiga sun kashe mutum 26 a Pahalgam ranar 22 ga Afrilun 2025, galibinsu 'yan yawon buɗe ido, Indiya ta ɗora alhakin a kan Pakistan, Pakistan ta musanta. Aka kori jami'an soja da ke ofisoshin, aka rage ma'aikata daga 55 zuwa 30, aka soke biza, aka rufe mashigar kan iyaka ta Wagah da Attari, kowacce ta hana jiragen ɗayar bi ta samaniyarta. Wato ofisoshin da ka ji a rediyo suna nan, amma saura ƙashi da fata.

Zama a irin waɗannan ofisoshi ba daɗi. A 2018 ƙasashen biyu sun yi ta zargin juna da takura wa jami'ai: bin motocinsu a guje, yanke musu ruwa da wuta, danna ƙararrawar gida da ƙarfe uku na dare a gudu. Har wata yarjejeniya suka yi a 1992 kan yadda za a riƙa mutunta jami'an juna, abin da ke nuna maka matsalar ta daɗe. Amma akwai wani gefen. A wata liyafa a wata ƙasa ta uku na ga jami'in Indiya da na Pakistan sun keɓe a lungu, faranti a hannu, suna hira da harshen Punjabi suna ƙyaƙyata dariya, iyayensu duka daga yanki ɗaya suka fito kafin rabuwa. Washegari a zauren taro kowannensu ya nemi damar mayar da martani, ya wanke ƙasar ɗayan tas, fuska a murtuke. Babu munafunci a ciki. Aikin ke nan, kuma hirar lungun tana cikin aikin.

To me ya sa ba a rufewa? Saboda tun watan Mayun 1998, lokacin da Indiya ta gwada makaman nukiliya a Pokhran, Pakistan ta mayar da nata a Chagai bayan mako biyu, kuskuren fahimta ya fi ƙiyayya haɗari. Makami mai linzami 'yan mintoci yake buƙata ya tsallaka. Don haka suka bar wasu siraran igiyoyi da ba a tsinkewa. Akwai layin waya na musamman tsakanin daraktocin ayyukan soja na ƙasashen biyu, ta nan aka tabbatar da tsagaita wutar 10 ga Mayu. Akwai yarjejeniyar 1988 ta zamanin firaministoci Rajiv Gandhi na Indiya da Benazir Bhutto ta Pakistan, cewa ba za su kai hari kan cibiyoyin nukiliyar juna ba, kuma tun 1992 kowace ranar 1 ga Janairu suke musayar jerin sunayen cibiyoyin. Akwai musayar sunayen fursunoni sau biyu a shekara, Janairu da Yuli, galibinsu masunta talakawa da suka tsallaka iyakar teku ba su sani ba. Ko a Yulin 2025, makonni kaɗan bayan faɗan, an yi ta. Amfanin irin wannan ya fito a watan Maris na 2022, da wani makamin BrahMos na Indiya ya kuɓuce bisa kuskure ya faɗa Mian Channu a cikin Pakistan. Pakistan ta yi ƙorafi mai zafi amma ba ta rama ba, Indiya ta amsa kuskure, daga baya ta kori hafsoshi uku.

Me ya sa sulhu ba ya kama ƙasa

An sha gwadawa. A watan Fabrairun 1999 Firaminista Vajpayee na Indiya ya shiga motar bas ya tafi Lahore wurin takwaransa na Pakistan, Nawaz Sharif. Watanni uku ba su cika ba aka gano sojojin Pakistan a tsaunukan Kargil da ke ɓangaren Kashmir na Indiya, kafin shekarar ta ƙare kuma Janar Musharraf ya kifar da Sharif. Shi Musharraf ɗin ne kuma ya fi kowa kusantar warware matsalar. Tsakanin 2004 da 2007 wakilansa da na Firaministan Indiya Manmohan Singh, Tariq Aziz da Satinder Lambah, sun yi ta ganawa a asirce, suka tsara cewa ba za a sauya iyaka ba amma za a sassauta ta, a rage sojoji, kowane ɓangaren Kashmir ya samu ikon tafiyar da kansa, a kafa wata hukumar haɗin gwiwa. Rikicin Musharraf da alƙalai ya cinye shi, sai kuma harin Mumbai na Nuwamban 2008 da ya kashe mutum 166 ya binne maganar. Modi ya sauka Lahore ba zato ranar 25 ga Disamban 2015, ya gaisa da Sharif; mako guda bayan nan aka kai hari sansanin sojan sama na Pathankot.

Ka ga yadda abin ke maimaita kansa. A Pakistan, mabuɗin manufar ƙasar game da Indiya ba ya hannun firaminista, yana hedikwatar soja a Rawalpindi, kuma ƙungiyoyi irin su Lashkar-e-Taiba da Jaish-e-Mohammed, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa cikin jerin 'yan ta'adda, sun daɗe suna da mazauni a ƙasar. A Indiya kuma tsaurin ra'ayi kan Pakistan na kawo ƙuri'a, ga ƙorafe-ƙorafen mutanen Kashmir kansu, tun daga zaɓen 1987 da aka yi zargin maguɗi har zuwa dokar hana fita da yanke intanet na watanni bayan 2019, waɗanda Delhi ta fi son a ce duk hannun waje ne. Babu kuma wani rukuni mai ƙarfi da zai yi asara idan aka ɓata. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2018 cewa cinikinsu zai iya kai dala biliyan 37 a shekara, alhali a lokacin bai wuce biliyan 2 da 'yan kai ba, sauran kuma ta Dubai yake zagayawa. Inda babu 'yan kasuwa masu kuka, 'yan siyasa ba sa jin zafin rufe iyaka.

Ruwan

Ka ɗauka 'yan'uwa biyu ne suka raba gidan gado, suka ja katanga, rijiya ta faɗa ɓangaren babban. Haka layin Radcliffe ya yi: manyan gonakin noman rani na Punjab suka faɗa Pakistan, ƙofofin da ke sakin ruwa zuwa wasu magudanansu suka faɗa Indiya. A watan Afrilun 1948 Indiya ta rufe ruwan magudanan da ke zuwa yankin Lahore na 'yan makonni, kuma Pakistan ba ta manta ba. Bankin Duniya ya shafe shekaru wajen tara yana shiga tsakani, har Firaministan Indiya Nehru da Shugaban Pakistan Ayub Khan suka sa hannu a yarjejeniyar ruwan Indus a Karachi ranar 19 ga Satumban 1960.

Hikimar yarjejeniyar ita ce ba ta ce a riƙa raba ruwan kowane kogi ba, wanda da kullum sai an yi gardamar awo. Kogunan aka raba. Uku na gabas, Ravi da Beas da Sutlej, na Indiya. Uku na yamma, Indus da Jhelum da Chenab, waɗanda ke ɗauke da kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan, na Pakistan, amma Indiya na iya samar da lantarki a kansu muddin ba ta tare ruwa mai yawa ba. Indiya ta biya fam miliyan 62 don taimaka wa Pakistan gina magudanan da za su maye gurbin kogunan da ta rasa, a cikin shirin da ya samar da madatsun Mangla da Tarbela. Aka kafa hukuma mai kwamishina ɗaya daga kowace ƙasa, suna musayar bayanan yawan ruwa, suna ziyartar madatsun juna. Idan injiniyoyi suka saɓa, a kira ƙwararre ɗan ba-ruwanmu, kamar yadda aka yi kan madatsar Baglihar a 2007, ko kotun sasantawa, kamar na Kishanganga a 2013. Yaƙin 1965 bai taɓa ta ba, na 1971 bai taɓa ta ba, Kargil da Mumbai ma haka. Mu masu wannan sana'a da ita muke kafa misali idan ana maganar kogunan da ƙasashe ke tarayya a kansu.

Ranar 23 ga Afrilun 2025 Indiya ta ce ta jingine ta har sai Pakistan ta daina goyon bayan ta'addanci. Washegari Pakistan ta ce duk yunƙurin tare ko karkatar da ruwanta za ta ɗauke shi a matsayin shelar yaƙi. A rubuce, yarjejeniyar ba ta ba kowa damar ficewa shi kaɗai ba, sai da wata sabuwa da duka biyu suka amince da ita. Kotun sasantawa da ke Hague ta ce a watan Yunin 2025 matakin Indiya bai cire mata hurumi ba. Indiya ta ce ba ta ma amince da halaccin kotun ba. Indiya na da nata ƙorafin tun kafin Pahalgam: ta aika takardun neman a sake duba yarjejeniyar a 2023 da 2024, tana cewa yawan jama'a da sauyin yanayi da fasahar gina madatsu duk sun canza tun 1960, kuma Pakistan na amfani da ƙararraki don jinkirta mata ayyuka. Wannan ƙorafin ba shirme ba ne. Amma ɗaura ruwan manoma da batun ta'addanci wani abu ne daban, kuma a ganina kuskure ne da zai yi wuyar gyarawa.

Kada ka ɗauka gobe Indiya za ta murɗa famfo Pakistan ta bushe. Madatsunta a kan Chenab da Jhelum, irin su Salal da Baglihar, ba su da wurin ajiye ruwa mai yawa, kuma lokacin da ƙanƙarar tsaunuka ke narkewa ga damina, babu abin da zai tare waɗannan kogunan. Abin da take iya yi yanzu shi ne wasa da lokaci: ta riƙe ruwa 'yan kwanaki a lokacin rani sa'ad da manomin Punjab ke jiran ban-ruwan shuka, ko ta saki laka da ruwa ba sanarwa, ko ta daina ba da bayanan ambaliya. Ga manomin alkama ko auduga, ruwan da ya makara mako guda asara ce. Babban haɗarin na shekaru masu zuwa ne, idan ta gina manyan madatsu da magudanan karkatarwa ba tare da bin ƙa'idojin yarjejeniyar ba. Ita ma Indiya tana da na sama da ita: Indus da Sutlej da Brahmaputra duk daga Tibet suke fitowa, kuma Sin, babbar ƙawar Pakistan da ke sayar mata da mafi yawan makamanta, ta fara gina wata katafariyar madatsa a kan Brahmaputra a watan Yulin 2025.

A nan ne ofishin jakadancin da ka yi mamakin barinsa a buɗe ya yi rana. A watan Agustan 2025, da ruwa ya yi yawa a Jammu, Indiya ta gargaɗi Pakistan cewa ambaliya na tafe ta kogin Tawi. Ba ta bi ta hukumar ruwa ba, tunda ta ce ta jingine yarjejeniyar. Ta ofishinta na Islamabad ta aika, ta ce don jin ƙai ne kawai. Pakistan ta karɓi gargaɗin ta kwashe mutane, sannan ta yi ƙorafi cewa ba ta hanyar da doka ta tanada aka aiko ba.

Abin da za a yi nan gaba hasashe ne, kuma mai kallo daga nesa irina yana ganin abin da aka fito da shi fili ne kawai. Ganawar sirri sai bayan shekaru ake jin labarinta, kamar yadda aka yi da ta zamanin Musharraf, ko rawar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta taka wajen sabunta tsagaita wuta a watan Fabrairun 2021. Ban ga alamar warware Kashmir nan kusa ba, musamman ganin cewa faɗan Mayu ya ƙara wa sojan Pakistan farin jini a gida har aka ɗaga Janar Asim Munir zuwa fil mashal, Modi kuma ya ce daga yanzu duk harin ta'addanci za a mayar masa da martanin soja. Idan kana son bin lamarin, kada ka damu da cacar baki a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ko ƙin gaisawar 'yan wasan kurket a Dubai. Ka sa ido ko an mayar da cikakkun jakadu, ko an buɗe Wagah ga 'yan kasuwa, ko kwamishinonin ruwa biyu sun sake zama a teburi ɗaya. Sannan ka riƙa bibiyar labarin ayyukan da Indiya ke yi a kan kogin Chenab da rassansa, irin su Ratle da Pakal Dul, da irin girman ma'ajiyar ruwan da za ta amince a gina a sababbin da za su biyo baya.